Injin Ban-Ruwana a Motar Tseren Yaya

Shekarar da na fara noman albasa da injin kaina ita ce shekarar da Yaya ya gama ƙera motarsa. Har yau ina ganin da ɗayanmu ya yi haƙuri ya bari sai baɗi, da an zauna lafiya.

Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, Birnin Kebbi ba ta san hayaniya ba. Ni malamin firamare ne, da rani kuma in an tashi makaranta sai in naɗe wando in gangara fadama. Na daɗe ina raɓe da injin maƙwabcin gonata, sai ya gama nasa ban-ruwan in samu abin da ya rage na yini. A shekarar nan na sayi nawa. Na hannu ne amma lafiyayye, mai shan gas, da ƙaton faifan ƙarfe a gefe. Da hannu ake murɗa shi ya tashi. Ba shi da totur, gudu ɗaya ya sani tun safe har yamma, kuma a bisa kansa akwai 'yar tukunya da ake cika wa ruwa don kada ya yi zafi. Saboda shi na ninka shukata, na ja fangali har bakin gulbi. Duk abin da na mallaka a shekarar yana cikin ƙasar nan, ga kuma matata da tsohon ciki.

Yaya ya ba ni shekara goma sha biyu. Bakanike ne, garejinsa na ƙofar gidanmu a Nasarawa. Tun rasuwar mahaifinmu shi ne uba, shi ya riƙa kai ni makaranta a kan keke, kuma bai taɓa bari na manta ba. Mutum ne mai hankali a komai, ban da abu ɗaya. Wata shekara ya je bikin kamun kifi na Argungu, maimakon ya kalli kifi kamar kowa, sai ya ɓuge da kallon motocin tsere da aka kawo, masu lamba a jiki, direbobinsu da hular kwano. Ya dawo gida ya rage cin abinci. Bayan sati guda aka jawo masa gawar wata mota, irin mai kama da kunkuru ɗin nan mai inji a baya, wadda ta yi karo da saniya.

Shekara uku yana kanta. Ya yar da gangar jikin, ya bar ƙasan da tayoyi da giya. Ya yi mata keji da bututun ruwa, ya rufa mata fallen durom da ya fasa ya daddake, ya shafa jan fenti, ya rubuta lamba bakwai a kowane gefe, lambar da ba wanda ya ba shi. Kujerar direba kuwa kujerar aski ce mai juyawa, wadda wani Bayarabe ya bari da zai koma garinsu. Masu kawo gyara su tarar da shi a ƙarƙashinta, su jira, su gaji, su tafi wajen wani.

Saura sati guda tseren shekarar, ya fita da ita gwaji a Gesse, wadda a lokacin gonaki ce da fili. Ya zagaya sau biyu, a na uku inji ya buga. Jaki ne ya jawo ta gida.

Da la'asar ya same ni, ba a gareji ba, ba a ɗakina ba, a tsakar gida gaban Inna tana tsintar shinkafa. Yaya ya san inda ake kama ni.

"Ƙanena, injin ga naka nika so. Kwana ukku ɗai."

Na ce masa albasa ta fara yin kai, ga zafi ya shigo. Kwana uku take ɗauka ba ruwa, in ta kai huɗu sai addu'a. Na kuma tuna masa ni ke koyar da lissafi a aji biyar, kuma ban ga yadda kwana uku za su cika sati ba. Ya ce abin da ban gane ba ke nan. Inji in aka ɗora shi a mota ya yi ƙafa. A rana ta uku shi da kansa zai tuƙo shi har fadama, a maƙala bel a fanfo, albasa ta sha ta ƙoshi, sannan a yi maganar Argungu. Ya ce gata ma zai yi mini, don daga ranar na daina wahalar amalanke.

Na dubi Inna ko za ta cece ni. Ko kai ba ta ɗaga ba.

"Ƙarhe na hwa," in ji ta. "In ka ara ma ɗan'uwanka ƙarhe, ƙarewa shika yi?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma a gidanmu ba a yi wa babban wa musu a gaban uwa. Washegari da sassafe na ba albasa ruwa har ya kwanta a fangali, na kwance injin da hannuna, na ɗora a amalanke. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ni na san Yaya sarai, kuma na ba shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu haka muka yi. Ramin tsohon injin bai ɗauki nawa ba. Aka gwada a tsaye, aka gwada a karkace, aka yanke nan aka ƙara can. A ƙarshe ya zauna, amma sai da aka juya shi, fuskarsa ta kalli inda ƙeyarsa ya kamata ta kalla. Yaya ya ja bel daga faifan zuwa giya, ya ja da baya yana share hannu da tsumma, ya ce kamar don motar aka ƙera shi.

A rana ta uku duk layinmu ya taru. Yaya ya hau kujerar aski da hular kwano ta aro, ni na murɗa inji, don ba ya tashi a hannun kowa sai nawa. Ya tashi da tuf-tuf ɗinsa na fadama, har wata tsohuwa ta leƙo ta tambaya ko an kawo injin niƙa unguwar. Yaya ya sa giya ta ɗaya, ya saki kuloci, ya ɗaga wa jama'a hannu. Motar ta yi baya, ta kwashe bencin mai shayi. Ya sa ta biyu, ta ƙara yin baya da sauri, har ta kora kaji kan katanga. Ya gwada ta uku da ta huɗu, duk baya. Da ya sa ribas sai ta rarrafo gaba a hankali, ta dawo inda ta tashi.

Akwai wani Ibo mai shagon kayan gyara a layinmu, ya fi shekara ashirin a garin, Kabancinsa ya fi nawa. Ya durƙusa ya leƙa, ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Injiniya, juyin injin ga ya saɓa ma na giya. Harɗe bel ɗin kawai, awa yadda masu niƙa ka yi, ta miƙe."

Gaskiya ya faɗa, aikin minti biyar ne, kuma da an yi shi da albasata ta sha ruwa a yammacin. Laifinsa ɗaya, ya ambaci masu niƙa a gaban mutane, bayan tsohuwar nan ta riga ta yi nata. Na ga kunnen Yaya ya motsa.

"Mota nika yi, ba markaɗen wake ba," in ji shi.

Jama'a suka zuba masa ido. Sai ya taka ƙarfen gindin kujerar askin, ta juya da shi, ya fuskanci inji. Ya nuna bayan motar da yatsa ya ce daga yau nan ne gaba. Aka yi tafi. Waɗanda suka yi tafin nan na san su ɗaya bayan ɗaya, kuma har yanzu gaisuwarmu ba ta wuce sannu.

To, yanzu gaba ya samu giya huɗu, amma sitiyari da birki da kuloci duk suna bayan direba. Birki da kuloci ya jawo su da waya zuwa wasu sanduna biyu da zai riƙa ja da hannu. Sitiyari ne ya gagara, don tayoyin da ke juyawa sun koma baya, duk wanda ya gwada sai gindin motar ya tafi inda ba a aike shi ba. Yaya ya zauna tunani daga azahar zuwa la'asar. Ya tambaye ni mene ne ake tuƙawa daga baya. Na ce ban sani ba, ni dai albasata nake tunani. Ya ce jirgin ruwa. Nan take ya aika wa Kawu, ƙanen Inna, masunci a Argungu, ta bakin wani direban kwasar shinkafa.

Na ce yau fa kwana uku. Ya ce motar da ba ta da matuƙi yaya za ta kai fadama, in bari sai gobe.

Da yamma na gangara gona. Bakin lawashin ya fara sunkuyawa. Na roƙi maƙwabcina ko awa ɗaya, ya ce tasa ma layi take bi, inji bai huta ba tun asuba. Sannan ya dube ni yadda ake duban marar lafiya, ya tambaye ni wa ke ba da aron inji da rani.

Kawu ya iso a rana ta huɗu bayan azahar. Ɗan siririn tsoho ne marar yawan magana, a mota bai taɓa zama ko'ina ba sai bayan akori. Ya zagaya ta sau ɗaya da hannu a baya.

"Ina ag gabanta?"

Yaya ya nuna masa.

"To ai jirgi na."

Aka cire sitiyari, aka yi waldar dogon bututu a madadinsa, Kawu ya tsaya a can baya ya riƙe kamar filafili. Abin haushin shi ne ya iya. Ya bi da ita lungunan Nasarawa bai taɓa ko akuya ba, yana lanƙwasa jiki tun kafin kwana ta zo. Suna wannan koyo har aka kira magariba, fadama kuwa ba wanda ya ambata. Ni kuma na yanke shawara. Na ɗauko sifana, na ce yau ko Inna za ta yi fushi sai na kwance abina. Na durƙusa ina neman noti, babu ko ɗaya. Yaya walda ya yi wa injin da jikin motar, zagaye, kyakkyawar walda irin wadda ba ya yi wa masu biya.

Ya dafa kafaɗata ya ce ana gama tsere, daga fili sai fadama, ko gida ba za mu biya ba. Ban yarda ba, amma na bi su, don na san ba wanda zai tuna ya zuba wa tukunyar ruwa.

Mun tashi bayan asuba a rana ta biyar. Yaya a kujerar aski yana leƙen hanya ta gefen inji, ni a tsugune kusa da inji da buta da jarka, Kawu a tsaye a baya. Wani mai keke ya wuce mu, ya tsaya ya ci abinci a wani ƙauye muka wuce shi, ya sake wuce mu ya gaishe mu da gajiya. Duk garin da muka ratsa sai mata su fito da kwanon hatsi, su ga mota ce, su tsaya riƙe da kwano. Ko'ina na duba a gefen hanya albasar mutane ce kore shar, ruwa na gudu a tsakaninta. Mun shiga Argungu ana kiran la'asar.

Washegari a filin tsere wani mutum mai takarda a hannu ya zagaya mu sau uku. Ya tambayi wane ne direba, Yaya ya ce shi ne. Ya tambayi wa ke juya mota, aka nuna Kawu. Ya nuna ni da biro, Yaya ya ce mai ruwa ne. Mutumin ya ce a takardarsa ba gurbin mai ruwa, kuma ba zai sa motar da ba a san gabanta ba a layi ɗaya da na mutane. Amma jama'a sun riga sun baro motocin gaske sun kewaye tamu, suka yi ta roƙo. A ƙarshe ya ce in na gasken sun tashi sun shiga hanyar daji, mu zagaya filin sau ɗaya, mu ba mutane dariya. Yaya ya ɗauki wannan a matsayin an karɓe mu.

Filin yana da gangara wajen gulbi. Da farko tafiyarmu muke irin ta jiya, mutane na bin mu a ƙafa suna ba Kawu shawara. Da muka karya kwana muka kama gangaren, Yaya ya sa ta huɗu. Nan motar ta tuna don me aka yi ta. Fallen durom ya ɗauki kaɗawa, masu binmu suka koma baya, iska ta cire mini hula. A ƙasan gangaren kuwa rumfunan masu suyar kifi ne, da mata da yara. Yaya ya ja sandar birki, ta biyo hannunsa da waya tana reto.

A nan zan faɗi abin da ban faɗa wa matata ba sai bayan shekaru. Ƙarfen da ake kashe injin da shi yana daidai gwiwata. Da na danna shi da ta rage gudu. Ban danna ba. Hannuna ɗaya na kan buta, ɗaya na kan bututu, bakina a buɗe ina ihu, kuma ba ihun tsoro ba ne. Daɗi nake ji. Ni da na kwana shida ina tsine wa motar nan a zuci, na manta da albasa, na manta da mai ciki, ina ce wa Yaya ya ƙara.

Kawu ne kaɗai ya tsaya cikin hankalinsa, sai dai hankalin masunci ne. Jirgi in ya ƙi tsayawa tudu ake kai shi, saboda haka a lissafinsa mota in ta ƙi tsayawa ruwa za a kai ta. Ya kwantar da bututun gefe guda, muka bar rumfunan a hagu, muka ratsa yashi, muka faɗa gulbi har ƙugu. Injin ya yi zafi tun daga filin. Da ruwan sanyi ya rufe shi na ji ƙas, ƙara ɗaya, ba mai ƙarfi ba. Na san ya tsage tun kafin tururin ya lafa.

Kuma ba a buɗe ruwan ba tukuna. Sai washegari za a ba da izinin su, wato kamun kifi, kafin nan ko homa ba a tsomawa. Dattawan ruwa suka zo suka tsaya a baki. Kawu, wanda ya shekara arba'in yana su bai taɓa karya doka ba, yana tsaye a ruwa riƙe da bututu, kunya kamar ya nutse. Aka yi ta muhawara ko mota kayan su ce. An kusa sallamarmu, sai da aka jawo ta tudu aka ga tarwaɗa tana mutsu-mutsu a ƙarƙashin kujerar aski. Kawu ya ɗauke ta da hannu biyu ya mayar, ya ba dattawa haƙuri, ya wuce gida ko sallama bai yi mana ba.

A rana ta bakwai muka dawo a bayan wata babbar mota, mu da gawar tamu. Ban shiga gida ba, na wuce fadama. Lawashin ya kwanta, ya yi ruwan ɗorawa, ƙasar fangali ta tsattsage. Na tona ɗaya na ga kan bai fi ƙwan zabo ba, ya yi laushi. Na zauna a bakin gona na yi kuka, ina da shekara talatin da ɗaya. Haushin Yaya nake ji, da na Inna, da na masu tafi, amma wanda ya fi ci na shi ne na kaina. Da na koma gida ban gaishe shi ba. Shi ma bai fito daga gareji ba, sai ƙarar zarto nake ji har aka yi isha'i.

Da safe na je makaranta, na koyar da abin da ban san me na koyar ba. Bayan an tashi na gangara don in ga abin da za a iya cirewa a sayar ko a lawashi. Tun daga nesa na hango wani abu ja yana sunkuyawa yana miƙewa a bakin gulbi. Jigo ne, irin na kakanninmu, doguwar sanda mai guga a kai ɗaya da nauyi a ɗayan. Sandar bututun ruwa ce mai jan fenti, gugan fallen durom ne, da rabin lamba bakwai a jikinsa. A gindinsa Yaya ne, da tumbinsa da furfurarsa, daga shi sai gajeren wando, yana tsoma guga yana ɗagowa yana juyewa a kwalbati. Tun asuba yake nan. Fangali huɗu kawai ya jiƙa.

Na naɗe wando. Na ɗauki fartanya na shiga buɗe wa ruwa hanya.

Haka muka yi kusan sati uku. Ya rufe gareji, shi ne safe, ni ne yamma, sau da yawa kuma in na zo ba ya tafiya. Tafin hannunsa ya yi kanta ya fashe, ya naɗe da tsumman da yake share baƙin mai. Fangalin da ke kusa da gulbi suka farfaɗo, na nesa suka tafi. Abin da ya tashi bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, kuma ƙanana ne. A duk kwanakin nan bai ce in yi haƙuri ba, ni ma ban ce na yafe ba. Maganarmu ba ta wuce buɗe nan, toshe can.

Ranar da muka yi ban-ruwan ƙarshe, ya saki jigon ya zauna a kan kunya yana kwance tsumman hannunsa a hankali, don ya manne da ciwon. Ya daɗe yana kallon fangalin da suka mutu. Na ɗauka yau zai faɗa. Ya yi gyaran murya, bai dube ni ba.

"Amma dai, ƙanena, wurin gangaren nan... ta yi gudu ko?"

Na dubi hannun nasa. Na so in ce wani abu mai zafi, na daɗe ina tanadinsa.

"Ta yi gudu, Yaya," na ce. "Walle ta yi gudu."

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da kwance tsumman.